Yadda Ƙungiyar Unguwa Ta Ceto Broadmoor Bayan Ambaliyar Katrina

A ranar Laraba 11 ga watan Janairun 2006, jaridar Times-Picayune da ake bugawa a birnin New Orleans na Jihar Louisiana ta ƙasar Amurka ta fito da wata taswira wadda ta hana dubban mutane barci. A jikin taswirar an yi wa wasu sassa shida na birnin alama da koren ɗigo, wato wuraren da ake ba da shawarar mayarwa filayen shaƙatawa da matattarar ruwan sama, maimakon a sake gina su bayan ambaliyar da guguwar Katrina ta haddasa. Ɗaya daga cikin waɗannan ɗigo ya sauka ne a kan unguwar Broadmoor, wadda ke da mutum fiye da 7,000 kafin aukuwar bala'in.

A yau unguwar tana nan da jama'arta da makarantarta da ɗakin karatunta. Akasarin masu ba da labarin yadda ta tsira sukan tsaya ne a kan zanga-zangar da mazaunanta suka yi. Amma wanda ya dubi al'amarin da idon tattalin arziki zai ga cewa babban aikin da shugabannin ƙungiyar unguwar suka yi shi ne kawar da shakku daga zukatan masu gidaje, waɗanda kowannensu ke jiran ya ga ko maƙwabcinsa zai dawo kafin ya zuba dukiyarsa a gyara.

Asarar da aka tafka

Guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun Louisiana ne ranar 29 ga watan Agustan 2005. Iskar ta yi ɓarna, amma abin da ya durƙusar da New Orleans shi ne ɓallewar katangun tare ruwa waɗanda sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ya gina. Ruwa ya malale kimanin kashi 80 cikin ɗari na birnin, kuma ya yi makonni bai janye ba a wasu wuraren. An ƙiyasta asarar dukiya a dukkan yankin da guguwar ta shafa a kan dalar Amurka miliyan dubu 125, yayin da sabon lissafin da hukumar nazarin guguwa ta ƙasar ta fitar a 2023 ya nuna mutum 1,392 ne suka rasa rayukansu.

Birnin New Orleans kamar kwano yake, gefensa tudu, tsakiyarsa kwari. Broadmoor tana can ƙasan kwanon, a wurin da da can fadama ce, sai da aka kafa manyan injinan zuƙe ruwa kafin aka iya gina gidaje a cikinta. Ko a watan Mayun 1995 ruwan sama ya yi mata mummunar ambaliya. Saboda haka da katangun suka ɓalle a 2005, ruwan da ya kwanta a unguwar ya haura tsayin mutum a wurare da dama, mazaunanta kuma suka watsu zuwa Houston da Atlanta da Baton Rouge da sauran garuruwa.

Magajin garin na wancan lokaci, Ray Nagin, ya kafa wani kwamiti na 'yan kasuwa da manyan gari domin tsara yadda za a farfaɗo da birnin. Masana tsara birane sun ba kwamitin shawarar cewa tun da jama'a sun ragu, kuɗin shiga ma ya ragu, bai kamata a ci gaba da kai ruwan famfo da lantarki da 'yan sanda kowane lungu ba. Shawarar tana da hujjarta ta fuskar lissafi. Daga nan ne kwamitin ya ba da shawarar a bai wa unguwannin da ruwa ya ci watanni huɗu su tabbatar da cewa isassun mutane za su dawo, a kuma dakatar da ba da izinin gini a cikinsu har wa'adin ya cika.

Matsalar jiran juna

Domin mai karatu ya fahimci haɗarin da ke cikin wannan shawara, sai ya sa kansa a matsayin mai gida ɗaya da ke gudun hijira a Houston. Gidansa shi ne mafi girman abin da ya mallaka a duniya. Idan ya kashe abin da kamfanin inshora ya ba shi da ɗan abin da ya tara wajen gyara, sa'an nan maƙwabtansa suka ƙi dawowa, to ya gina gida a tsakiyar kango, ba makaranta, ba kanti, ba mai saye ko da ya so sayarwa. Idan kuwa ya jira, bai yi asarar komai ba a nan take. Hankali zai ce masa ya jira. Matsalar ita ce maƙwabcinsa ma lissafin da yake yi ke nan, mai kanti yana jiran masu saye, hukumar ilimi tana jiran yara, iyaye kuma suna jiran a buɗe makaranta.

Masana tattalin arziki irin su Emily Chamlee-Wright da Virgil Storr, waɗanda suka yi shekaru suna bincike a unguwannin New Orleans bayan ambaliyar, sun bayyana komawar jama'a gida a matsayin matsala ta aikin gayya, inda amfanin kowa ya rataya a kan abin da saura za su yi. A irin wannan hali kowace alama da ta fito daga hukuma tana da nauyi ƙwarai. Koren ɗigon da aka buga a jarida bai zama doka ba, hasali ma magajin garin ya janye jiki daga batun dakatar da izinin gini bayan da jama'a suka yi ca a kansa, daga bisani kuma ya ce kowa na iya gini inda yake. Amma tsoron ya riga ya shiga. Banki da kamfanin inshora da ɗan kwangila duk sun ga taswirar, kuma ba wanda zai so ya sa kuɗinsa a wurin da ake raɗe-raɗin za a mayar fili.

Tsohuwar ƙungiya, sabon aiki

Abin da Broadmoor ta fi wasu unguwanni da shi shi ne tana da ƙungiya tun kafin ranar wuya. An kafa Ƙungiyar Kyautata Broadmoor a 1930, tana daga cikin mafiya daɗewa a birnin. A wajejen 1970 ta yi fama da dillalan gidaje masu tsorata Turawa su sayar da gidajensu da arha da zarar baƙar fata sun shigo layi. Albarkacin wannan fafutuka unguwar ta ci gaba da zama a gauraye, kimanin kashi biyu cikin uku baƙar fata, akwai masu hali akwai talakawa, kusan yadda birnin kansa yake.

Shugabar ƙungiyar a lokacin ambaliyar ita ce LaToya Cantrell, haifaffiyar Los Angeles wadda ta zo New Orleans karatu a Jami'ar Xavier, ta kuma karɓi ragamar ƙungiyar a 2004. Kafin Katrina aikin ƙungiyar bai wuce irin na sauran takwarorinta ba, wato tsabta da tsaro da kai koke majalisar birni. Cikin 'yan kwanaki da fitowar taswirar, ɗaruruwan mazauna unguwar suka yi gangami, aka kuma fito da taken da ke cewa Broadmoor tana nan da ranta, wanda aka riƙa bugawa a alluna ana kafawa a ƙofar gidaje.

Allunan nan ba ado ba ne. Duk wanda ya shigo duba gidansa ya ga allo a ƙofar maƙwabcinsa, ya san maƙwabcin ya ƙudura dawowa. Da kuɗi ƙalilan ƙungiyar ta soma aika saƙon da ya kishiyanci na taswirar.

Sai dai shugabannin sun fahimci cewa allo da gangami ba za su gamsar da hukuma ko banki ba. Tun da an ce unguwa ta tabbatar da cewa za ta rayu, suka ɗaura aniyar nuna cewa fiye da rabin mazaunanta za su dawo, kuma a rubuce. Aka kafa kwamitin dawo da jama'a, aka naɗa wa kowane layi wakili wanda aikinsa shi ne ya nemo maƙwabtansa duk inda suka shiga a faɗin ƙasar, ya ji halin da suke ciki, ko za su dawo, da abin da ya tare musu hanya. Wata coci da ke yankin ta ba ƙungiyar wurin aiki a cikin ɗakin wucin gadi irin wanda ake ja da mota. A nan aka riƙa tattara bayanan gida-gida: wane ne mai shi, wane irin lahani ya samu, an kwashe ruɓaɓɓun kayan cikinsa ko ba a kwashe ba, an soma gyara ko an yi watsi da shi.

Wannan rajista ita ce jarin ƙungiyar na farko. A lokacin hukumomin birnin kansu ba su da sahihin bayani a kan inda mutanensu suke. Ƙungiyar da ke iya buɗe littafi ta ce ga adadin waɗanda suka dawo a layi kaza, ga tsofaffin da ke bukatar a yi musu rufi, ta zama abokiyar shawara wadda ba a iya tsallakewa. Haka kuma duk lokacin da aka bayyana adadin waɗanda suka dawo, masu jira a Houston da Atlanta sukan ƙara samun ƙwarin gwiwa, adadin kuma ya sake hawa.

Tsari kafin roƙo

Mataki na biyu shi ne rubuta tsarin sake gina unguwar. Maimakon su jira ƙwararrun da birni zai turo, mazaunan suka rarraba kansu cikin ƙananan kwamitoci a kan gidaje, ilimi, harkokin kasuwanci, sufuri, magudanan ruwa da shirin ko-ta-kwana. An yi watanni ana taruka, kuma ba a rasa saɓani ba, domin bukatar mai babban gida a kan titin Napoleon daban take da ta mai haya a lungu. Zuwa tsakiyar 2006 suka kammala kundi mai shafi fiye da 300.

A nan ne aka ga wata dabara ta shugabancin ƙungiyar, wato yadda ta yi hulɗa da baƙi masu son taimakawa. Makarantar Kennedy ta nazarin mulki da ke Jami'ar Harvard ta ƙulla zumunci da unguwar tun a 2006 ta hannun Doug Ahlers, ta riƙa turo ɗalibai. Kwalejin Bard ta Jihar New York ma ta turo nata. Ɗaliban sun taimaka wajen ƙidaya, zanen taswira da rubuta takardun neman tallafi, amma yanke shawara ya zauna a hannun mazauna. Wanda ya san yadda ayyukan agaji kan kasance zai gane muhimmancin wannan, domin sau da yawa mai ba da kuɗi shi ke zuwa da nasa tsarin, jama'a su zama 'yan kallo, in kuɗin ya ƙare aikin ya mutu.

Tsarin ya ɗora farfaɗowar unguwar a kan wasu 'yan gine-gine na jama'a da ke kusa da juna, musamman makarantar firamare ta Andrew Wilson da ɗakin karatu na Rosa Keller. Hujjar a fili take: iyali mai yara ba ya dawowa inda babu makaranta, kuma gini na gwamnati da aka kashe wa miliyoyi shaida ce cewa ba za a tashi unguwar ba. Mazauna suka kafa hukumar gudanar da makaranta, suka sami izinin tafiyar da Wilson bisa yarjejeniya da hukumomin ilimi na jiha, aka soma karatu a 2007 a wani gini na aro, kana aka koma ainihin ginin da aka sabunta a farkon 2010. Gidauniyar Carnegie ta New York ta ba da dala miliyan 2 domin ɗakin karatun, wanda aka sake buɗewa a watan Maris na 2012 haɗe da zauren taron jama'a. Bugu da ƙari an kafa wani kamfani na raya unguwa, wanda ba na neman riba ba, domin ya kula da gyaran gidaje da sayen waɗanda aka yi watsi da su.

Kuɗin gwamnati da gibinsa

Ba daidai ba ne a ce ƙungiya ce ta biya kuɗin sake gina Broadmoor. Mafi yawan kuɗin ya fito ne daga inshora, da aljihun masu gidaje, da kuma shirin Road Home wanda gwamnatin Louisiana ta gudanar da kuɗin tarayya. Shirin ya raba kimanin dala miliyan dubu 9 ga masu gidaje wajen 130,000 a jihar, kuma mafi yawan abin da mutum ɗaya zai samu shi ne dala 150,000, bayan an cire abin da inshora ta biya shi.

Amma akwai gibi a yadda ake lissafin. Ana duba darajar gida a kasuwa kafin ambaliya da kuma kuɗin gyaransa, sai a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. A ƙaddara gidaje biyu iri ɗaya, kowanne na bukatar dala 120,000 kafin ya gyaru. Na farko yana unguwar masu hali inda darajarsa ta kai 150,000, na biyu yana unguwar talakawa inda ba ta wuce 70,000 ba. Mai na farko za a yi masa lissafi a kan cikakken kuɗin gyara, mai na biyu kuwa a kan 70,000, alhali farashin katako da siminti da ladan kafinta ɗaya ne a wurinsu. Da yake gidajen unguwannin baƙar fata sun fi arha a kasuwa, su abin ya fi shafa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin jama'a sun kai ƙara a 2008, aka kuma sasanta a 2011.

A irin wannan gibi ne rajistar ƙungiyar ta sake yin amfani. Ma'aikatanta sun san wanda takardunsa suka maƙale, da wanda ɗan kwangila ya gudu da kuɗinsa, da wanda tallafin bai ishe shi ba, sai su haɗa shi da 'yan sa-kai ko wata gidauniya. Dubban 'yan sa-kai sun zo New Orleans a waɗannan shekaru, amma unguwar da ke da jerin ayyuka a hannu ita ce ta fi cin moriyarsu.

Harajin da jama'a suka ɗora wa kansu

Tausayin duniya yana da wa'adi. Bayan shekara huɗu ko biyar masu ba da tallafi sukan karkata ga wani sabon bala'in, kamar yadda aka gani bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010. Shugabannin Broadmoor sun hango haka, suka nemi majalisar dokokin Louisiana ta amince da unguwar a matsayin gundumar raya kai, mai ikon karɓar kuɗi daga masu filaye idan jama'a sun yarda. A 2010 mazauna suka jefa ƙuri'ar amincewa da biyan dala 100 a kan kowane fili a shekara.

Kuɗin ba shi da yawa idan aka kwatanta da miliyoyin da aka kashe a gine-gine, amma ya fi su tabbas, ga shi kuma ya sauya dangantakar jama'a da ƙungiyar. Wanda ke biya yana da bakin tambayar inda kuɗinsa ya shiga. Shugabannin da ke rayuwa a kan tallafin waje kuwa, mai ba da tallafin suke yi wa bayani.

Inda aka gaza

Alƙaluman ƙidayar jama'a sun nuna iyakar nasarar. A 2000 Broadmoor tana da mutum 7,232, a 2010 kuwa 5,381, wato ragin kimanin kashi 26 cikin ɗari. Birnin gaba ɗaya ya sauko daga 484,674 zuwa 343,829, ragin kashi 29 cikin ɗari. Ke nan unguwar da ke ƙasan kwano, wadda aka yi wa alamar shafewa, ta ɗan fi matsakaicin birnin, wanda ya haɗa da tudun da ruwa bai taɓa ba. Unguwar Lower Ninth Ward kuwa ta faɗo daga 14,008 zuwa 2,842. Sai dai adalci ne a ce ba rashin ƙungiya kaɗai ya jawo wannan ba, domin a can ruwan ya ɓalle ne da ƙarfin da ya tumɓuke gidaje daga tushe, mazaunan sun fi talauci, an kuma yi jinkirin mayar musu da ruwan sha da lantarki.

Mutum ɗaya cikin huɗu da Broadmoor ta rasa su ma abin dubawa ne. Tsarin dawo da jama'a ya fi dacewa da mai gida, wanda ke da abin da zai koma wa. Mai haya ba shi da rabo a babban shirin tallafin masu gidaje, kuma kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo a birnin saboda ƙarancin gidaje. Makarantar Wilson ma ba ta ɗore a hannun hukumar da mazauna suka kafa ba, domin a 2015 an miƙa ta ga wata ƙungiyar gudanar da makarantu saboda rashin kyawun sakamako. Iya tara jama'a da iya tafiyar da makaranta sana'o'i ne daban-daban.

Ita kuwa Cantrell, aikin unguwa ya kai ta majalisar birni a 2012, aka zaɓe ta magajiyar gari a 2017, mace ta farko da ta riƙe muƙamin, aka kuma sake zaɓenta a 2021. A watan Agustan 2025 masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya suka tuhume ta da laifukan da suka shafi zamba, tuhumar da ta musanta a gaban kotu. Wannan bai rushe abin da aka gina a Broadmoor ba, saboda tun farko ba a ɗora shi a kan mutum ɗaya ba. Akwai kwamitoci, akwai wakilan layi, akwai kundin tsari, akwai kuɗin shiga da doka ta amince da shi.

Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, da ta Mokwa a Jihar Neja a ƙarshen watan Mayun 2025, sun nuna cewa tambayar da mai gida a Broadmoor ya yi wa kansa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Garuruwanmu kuma ba su rasa ƙungiyoyin ci gaba ba, kusan kowane gari yana da tasa. Abin da ya kamata shugabanninsu su tambayi kansu tun ruwa bai zo ba shi ne, idan jama'arsu suka watsu gobe, shin akwai littafin da zai nuna wane ne ke zaune a kowane gida, mai gida ne ko ɗan haya, da kuma hanyar da za a same shi? Ƙungiyar Broadmoor ta shekara 75 tana ƙananan ayyuka kafin ranar da aka bukace ta, kuma ko da ranar ta zo sai da ta kwashe watanni tana neman mutanenta ɗaya bayan ɗaya.